Daga Rumfar Kalankuwa Zuwa Garuruwan Rubutu: Tarihin Wasan Da Ba A Yi Masa Sallama

A wani ƙauye da ke gefen titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal, akwai wani dattijo da kowa ke kira Alƙali. Bai taɓa zama a kotu ba. Karatunsa na allo ne, sana'arsa noman gero, da 'yar albasa a fadama idan rani ya yi. Amma da zarar ya doso majalisar da ke gindin dogon yaro, sai tsaransa su ɗaga hannu: "Allah shi gafarta Malam, an tashi lahiya?" Shi kuma ya tattara riga ya zauna, ya amsa da nauyin murya kamar mai shirin buɗe zaman shari'a. Da na tambayi asalin sunan, aka ce mini alƙalancin kalankuwa ne da ya riƙe yana saurayi, shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Rumfar da ya yi shari'a a ciki ko tokarta babu, yawancin waɗanda ya ci tara sun riga mu gidan gaskiya, amma suna ya zauna daram.

Wannan dattijo nake tunawa duk lokacin da aka kawo zancen wasu mutane a Turai da Amurka da suka shekara ashirin ko talatin suna shiga wani irin wasa na intanet wanda ba shi da hoto, ba shi da sauti, rubutu ne zalla. Masu kallo daga nesa kan yi mamakin abin da ke mayar da su kullum, alhali ga wasanni masu hoto kamar fim sun cika duniya. Mutumin Boɗinga ko na Shagari da ya ga dandali a zamaninsa ba zai sha wahalar gane amsar ba, domin an yi irin wannan wasa a ƙofar gidansu tun kafin a san wutar lantarki.

Ƙasar da ta san nauyin sarauta

Yankin nan ba baƙon mulki ba ne. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna tun wajen 1810 har zuwa 1815, yana karantarwa yana rubuce-rubuce, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Yana Sifawa ne a 1812 ya raba ɗawainiyar daula, yamma a hannun ƙanensa Malam Abdullahi wanda ya zauna a Boɗinga, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello. A littafin Kitabul Farƙi an soki al'adun mulkin sarakunan Haɓe, har da yawan sunayen sarautu da ba su da asali a littattafan Musulunci. Duk da haka ba a yi nisa ba sai da fadar Sakkwato ta cika da nata: Waziri, Magajin Gari, Magajin Rafi, Galadiman Gari. A garin Shagari ma sarautar Magaji ce ke riƙe da gari, kuma daga wannan gida Alhaji Shehu Shagari ya fito, wanda aka haifa a 1925, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Turakin Sakkwato a 1962.

Abin da babba ya yi shi yaro ke kwaikwayo. Yaron da ya tashi yana ganin ana faɗuwa gaisuwa, ana kiran mutum da sarautarsa ana ɓoye sunansa na yanka, dole wasansa ya ɗauki wannan kama. Don haka samarin ƙauyukan Hausa suka kafa tasu fadar. Akwai Sarkin Samari, akwai wazirinsa da galadimansa da alƙalinsa, 'yan mata ma da tasu shugaba. Sarautar wasa ce, amma tana da aiki duk shekara. Sarkin Samari ke kiran gayya idan za a nome gonar wani dattijo ko ta surukin ɗayansu, shi ke raba goron gayyata, shi ke sasanta samari biyu da suka haɗu a ƙofar budurwa ɗaya. Wanda ya ƙi fita gayya ba dalili, alƙali na jiransa.

Idan kaka ta yi

Kalankuwa ita ce ranar da wannan fada ke fitowa fili. Bayan an yanke gero an ɗaure dammuna, rumbu ya cika, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai samari su aika goro ƙauyukan maƙwabta. A share fili a bayan gari, a kakkafa rumfunan zana da kara. Wannan fada ce, waccan kotu, ga asibiti, ga gidan yari. Makaɗa su zo da kalangu, masu tuwo da masu ƙosai su jera, a yi kwanaki ana abu ɗaya.

Ga yadda zaman kotun yake, kamar yadda tsofaffi ke ba da labari. Alƙali ya ari babbar rigar kawunsa, ya naɗa rawanin da ya fi ƙarfin kansa, ya hau kifaffen turmi. Ɗan doka ya taso ƙeyar wani baƙo daga ƙauyen gaba. "Mi yay yi?" in ji alƙali. "Allah shi gafarta Malam, ya shigo gari ba takarda, kuma ya yi dariya gaban Sarki." Alƙali ya buɗe wani tsohon littafi a juye, ya daɗe yana dubawa yana girgiza kai, sannan ya yanke tarar sule guda. Baƙon ya roƙi sassauci, aka mayar da ita sisi, ya biya yana murmushi. Da ya fito sai likita ya tare shi, ya ɗora masa igiya a ƙirji ya kasa kunne, ya ce ciwon rowa ne ya kama shi, maganinsa taro. Kuɗin da aka tara na makaɗa ne da abincin baƙi. Ba wanda ya rubuta wa kowa abin da zai faɗa. Kowa ya san matsayinsa, sauran kuma basira ce ta nan take.

Wasan yana tafiya da zamani. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sababbin fuskoki suka shigo ƙasa, ba a jima ba suka shigo rumfa: Razdan, Di'o da gajeren wando da hular kwano, malamin haraji da jakarsa, ma'aikatan En'e. Da aka sami 'yancin kai a 1960 aka ga ministoci, da soja suka karɓi mulki a 1966 aka ga gwamna da tauraron gwangwani a kafaɗa. A Damagaram ta ƙasar Nijar ana yin ɗan'uwansa, wasan kara, inda ake ƙera bindiga da na'urar ɗaukar hoto da karan dawa, mutum ya fito da kamannin wani shugaba. Mata a wasu fadoji na da wasan gauta, suna kwaikwayon sarki da fadawansa. Yara kuma na da tashe daga goma ga azumi. Ƙungiyar samari ta yi ƙarfi a Nijar har gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau a 1974, ta mayar da Samariya wani ginshiƙi na tafiyar da ƙasa.

Daga baya dandali ya fara yin sanyi. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya da aka ƙaddamar a 1976 ya kwashi yara zuwa aji. Cin rani ya riƙa kwashe samari zuwa Kurmi tun kafin a gama sussuka. Malamai sun daɗe suna ƙyamar cakuɗar maza da mata da kiɗan dare, tun zamanin masu jihadi, kuma wa'azin ya ƙara kaifi daga ƙarshen shekarun 1970, ya kai ga ƙaddamar da shari'a a jihar Sakkwato a 2000. Rediyo da kaset da gidan kallo suka zo da nishaɗin da ba ya buƙatar a kafa rumfa. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro ya sa taron dare a bayan gari ya zama abin tsoro a wurare da dama.

Wani dandali a Ingila

A daidai lokacin da ganguna ke yin ƙasa a nan, wasu ɗalibai na kafa wata irin rumfa a wata duniya. Tushen abin ya faro daga Amurka. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da abokai ke zama a tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mutum ɗaya yana ba da labari. Wajen 1976 wani masanin kwamfuta mai sha'awar shiga koguna, Will Crowther, ya rubuta wasan da kwamfuta ke siffanta maka kogo da kalmomi, kai kuma ka rubuta mata abin da za ka yi. Don Woods na jami'ar Stanford ya faɗaɗa shi a 1977. Sai dai mutum ɗaya ke yinsa, shi kaɗai a cikin kogonsa.

A 1978, shekara guda kafin Turakin Sakkwato ya zama shugaban Nijeriya, wani ɗalibi a jami'ar Essex ta Ingila mai suna Roy Trubshaw ya yi tunanin buɗe ƙofar kogon ga mutane da yawa a lokaci ɗaya. Ya sa masa suna MUD. A 1980 ya miƙa shi ga abokinsa Richard Bartle, wanda ya gina yawancin duniyar da dokokinta. Babbar kwamfutar jami'a ce ke ɗauke da wasan, kuma da rana aikin karatu take yi, saboda haka 'yan waje ba sa samun shiga sai tsakar dare zuwa asuba. Haka mutane suka riƙa hana idonsu barci suna jiran a buɗe gari.

Da a ce da Hausa aka yi shi, ga abin da za ka gani a allo: "Kana tsaye a bakin wata tsohuwar rijiya. Hanya ta yi arewa zuwa kasuwa, ta yi gabas zuwa kurmi. Akwai fitila a ƙasa." Sai ka rubuta "ɗauki fitila", ka rubuta "arewa". Kana isa a ce maka wane yana nan, kuma wanen nan mutum ne mai rai a wani gari, yana zaune gaban nasa allon. Kuna iya gaisawa, ku haɗa kai, ku yi ciniki, ko ya zare takobi. A wasan na Essex, in ka samo dukiya sai ka kai ta wata fadama mai laka ka jefa, a ba ka maki. Maki na taruwa muƙami na ƙaruwa, har ka kai matsayin ƙoli na mai sihiri, wanda ke da iko a kan wasan kansa. In kuwa aka kashe ka a faɗa, duk abin da ka tara ya tafi, sai ka faro daga tushe.

Daga nan abin ya yaɗu kamar wutar daji a jami'o'i. Alan Cox da abokansa suka yi AberMUD a 1987. A 1989 Lars Pensjö na Suwidin ya fito da LPMud, inda wanda ya kai ƙoli ke samun izinin gina sababbin unguwanni da hannunsa, James Aspnes kuma ya yi TinyMUD wanda hira da gini suka fi faɗa yawa a cikinsa. Ɗaliban Kopanhegan suka yi DikuMUD a farkon shekarun 1990, wanda tsarinsa ya yi tasiri a kan manyan wasanni masu hoto da suka biyo baya, irin EverQuest na 1999 da World of Warcraft na 2004. Da waɗannan suka fito, an ɗauka kwanan wasan rubutu ya ƙare. Jama'a sun ragu ƙwarai, gaskiya ne, ɗaruruwan garuruwa sun zama kufai. Amma Genesis na Suwidin tun 1989, BatMUD na Finlan tun 1990, GemStone da ya samo asali a wannan zamani, Discworld na farkon shekarun 1990, da Achaea tun 1997, duk ba su rufe ƙofa ba.

Abin da ke mayar da mutum

A 1996 Bartle ya rubuta wata maƙala da ta yi suna, ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman muƙami, masu bin lungu don gano sirrin gari, masu zuwa don hira, da masu neman wanda za su kayar. Ya nuna cewa gari ba ya rayuwa sai an sami daidaito a tsakaninsu, domin idan masu farauta suka yi yawa masu hira za su gudu, idan masu hira suka gudu gari ya mutu. Duk wanda ya san dandali ya san mutanen nan huɗu da fuskokinsu. Ga mai hanƙoron a naɗa shi Waziri, ga wanda ya san kowace rumfa da abin da ake ƙullawa a bayanta, ga wanda zance kawai ya kawo shi, ga ɗan kokawa yana zagaya fili yana neman abokin karo. Aikin Sarkin Samari shi ne kada ɗaya ya kori sauran.

Babban abin da ke riƙe mutum shi ne suna. A waɗannan wasanni mutum kan riƙe laƙabi ɗaya shekara da shekaru, a san shi da halinsa, da alherin da ya yi wa baƙo, da amanar da ya ci shekara goma baya. Ana iya sayen sabon wasa a kasuwa yau a fara yau, amma sunan da aka shekara ashirin ana ginawa ba ya ƙaura. Wanda ya bar garin ya bar shi a can. Dattijonmu in ya je Legas manomi ne kamar kowa, a gindin dogon yaron nan ne kawai yake Alƙali.

Sai kuma garin da ba ya tsayawa don ka tafi. Kana barci ana ciniki, ana naɗi, ana juyin mulki. A Achaea birane na hannun 'yan wasa, su ke zaɓen shugabanni su kafa dokoki. A GemStone akwai bikin da ake yi duk shekara a watan Oktoba, 'yan kasuwa na musamman su zo, waɗanda suka daɗe ba su leƙo ba su dawo, kamar yadda ɗan cin rani ke lissafin kwanaki kada kalankuwa ta wuce shi. A LambdaMOO, wanda Pavel Curtis ya kafa a 1990, rigingimu sun yi yawa har a 1993 aka kafa tsarin kai ƙorafi da jefa ƙuri'a don jama'a su yi wa kansu hukunci. Inda duk aka tara mutane, ko da wasa ne, sai an nemi alƙali. Kuma wanda ya sa hannu aka kafa rumfa, ko ya rubuta siffar wata unguwa da wasu ke ratsawa kullum, ba ya jin kansa baƙo. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, shi ne kuma ba ya son ya ga ya rushe.

Rashin hoton ma da ake gani kamar naƙasa, wani ƙarfi ne. Kakar da ke ba da gatana a tsakar gida ba ta taɓa nuna wa jikokinta hoton Dodo ba, kowane yaro da irin nasa, kuma na cikin kai ya fi na takarda ban tsoro. Hoton kwamfuta na shekara ashirin baya yau abin dariya ne, jimla mai kyau kuwa ba ta tsufa. Ƙara sabon gari a wasan rubutu aikin alƙalami ne, ba ya cin miliyoyi. Ba ya buƙatar babbar na'ura ko data mai yawa. Makafi ma na shiga da manhajar da ke karanta musu rubutu da murya, su yi gogayya da masu gani ba tare da an san bambanci ba.

Ba a rasa illa. Tun a farkon zamanin, ɗaliban jami'a sun yi wa wasan kirarin mai halaka ɗalibai, saboda yawan waɗanda suka kwana a gari na ƙarya suka wayi gari sun faɗi jarrabawa ta gaske. Ƙorafin da iyaye suka yi a kan saurayin da ya bar sussuka ya tafi kalankuwar ƙauye na uku, shi ne dai. Igiyar da ke jawo mutum ya dawo ita ce kan ɗaure shi, kowane allazi da nasa amanu.

Da waya ta iso

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, sannu a hankali ta kai ƙauyuka. Wajen 2010 wata manhajar hira daga Afirka ta Kudu mai suna 2go ta mamaye ƙananan wayoyin samari. Ba wasan jarumai ba ce, amma duk kayan haɗin suna ciki: laƙabin da mutum ya zaɓar wa kansa, ɗakunan hira da kowa ya san na zamansa, da tauraron muƙami da ke hawa gwargwadon daɗewarka a kai. Na ga samari a shagon mai caji, janareto na ruri, wayoyi jere a kan katako kamar ƙosai a faranti, kowa na tsaron tasa kada a cire. Wasu kan bar ta a kunne su kwanta don tauraro ya motsa kafin safiya. Jikokin Sarkin Samari ne ke neman rawani da babban yatsa. Da WhatsApp da Facebook suka kwashe jama'a, ɗakunan suka zama kango, domin ba a ba mazauna cikinsu wani abin ginawa ko riƙewa ba, ban da tauraro. Garuruwan rubutun da suka shekara talatin kuwa sun miƙa wa mazaunansu kotu da kasuwa da fada, shi ya sa ko da suka ragu, waɗanda suka rage suka zauna.

Zuwana ƙauyen na ƙarshe, na tarar da majalisa ta cika amma wurin dattijon babu kowa. Ba a fara hira sosai ba sai wani tsoho, wanda aka ce shi ne ɗan dokan kotun a wancan zamani, ya dubi gurbin ya dubi rana. Ya kira wani yaro da ke wucewa: "Kai, yaro, tahi gidan Alƙali ka gano muna ko lahiya." Yaron ya ruga. Jim kaɗan ya dawo ya ce ƙafa ce ta ɗan matsa masa, amma ya ce kada a yanke wata magana sai ya iso. Aka yi dariya, aka gyara masa buzunsa, aka jira. Can sai ga shi yana dogara sanda, ɗan doka ya yunƙura da ƙyar ya miƙe tsaye.